Ragar Mita Takwas

Ranar Litinin da safe, tun mai aski bai gama share ƙofar shagonsa ba, musu ya riga ya kankama. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin ta sake shan kashi, ɗaya da nema, kuma a gida. Wasa tara ke nan a jere ba nasara. Saura mataki ɗaya ta faɗa cikin ukun ƙarshe da ake sallamawa zuwa ƙaramin rukuni.

Mai walda ne a kan kujerar aski. An ɗaura masa farin ƙyalle a wuya, amma hannunsa ya ƙi zama a ƙarƙashinsa. Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da na mai aski, kuma duk layin an san shi da abu biyu: ƙarfin murya da sakin hannu.

"Kocin nan bai san komai ba," in ji shi. "Mutum ya tsaya a bakin fili ya rungume hannu kamar mai jiran mota. Kun taɓa jin ya yi tsawa ko sau ɗaya?"

"Ka daina motsi, ko in tafi da kunnenka," in ji mai aski.

"Tafi da shi. Me zan saurara da shi, sakamakon wasa?"

Direban tasi, wanda ya ajiye motarsa a waje injin na aiki don yana cewa minti biyu zai yi, ya girgiza kai. "Ku bar koci. Koci ne zai shiga ya buga? Ku dubi golanmu. Kullum a karkace yake tsayawa, ya bar gefe ɗaya a buɗe kamar yana wa baƙi sannu da zuwa. Shi kuma Lamba Tara, ƙanin matarka..."

"Kada ka rage komai don ni," in ji mai walda. "Na faɗa a gabansa, ƙafar katako gare shi. Shi da turken raga sun ƙulla abota, duk mako sai ya kai masa gaisuwa."

Aka kwashe da dariya, ban da Hedimasta. Tun da ya yi ritaya daga makaranta bai bar al'adar rubutu ba: yana da littafi mai baƙin bango da yake shigar da kowane wasa, da wanda ya buga, da inda ƙwallon ta nufa. Ya gyara tabarau ya buɗe.

"Kocin da kuke zagi shi ya kai mu na huɗu bara, da waɗannan 'yan wasan. Lamba Tara ya ci ƙwallo sha bakwai. Bana ya bugi turke sau bakwai, sau goma sha biyu kuma ta wuce ta gefe da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ba sama yake harbawa ba, gefe ne kullum. Wannan ne ban gane ba."

"Ni na gane," in ji mai walda. Ya ciro takarda daga aljihu ya ɗaga. Wasiƙa ce zuwa ga shugaban ƙungiya, shi ya tsara ta da kansa, ya kai aka buga. Tana neman a sallami koci, a kuma ajiye Lamba Tara a benci. Shugaban ya riga ya faɗa a rediyo cewa duk abin da magoya baya suka sa wa hannu, a ranar zai zartar. "Asabar da ƙarfe huɗu, a nan ƙofar. Kowa ya zo da bironsa."

Da ya koma gida cin abincin rana, ya tarar da kwanonsa a rufe a kan tebur, matarsa kuma tana guga ta juya masa baya. Kwana uku ke nan haka, tun da labarin wasiƙar ya iso mata.

"Maman 'Yan Biyu, ba ko sannu da aiki?"

"Sannu da aikin korar ƙanena."

"Harkar ƙwallo ba ta san dangi ba. Yaron nan ba ya iya auna raga."

Ta ajiye dutsen guga ta juyo. "Kai ne za ka yi wa wani maganar awo? Baban 'Yan Biyu, kai? Gadon da ka ƙera mana, shekara goma sha biyu ke nan matashin kai yana faɗawa ta gefe, don ya fi katifar faɗi. Kantar kicin sai da aka fasa bango kafin ta shiga. Ƙofar bayi fa? Kullum in an ba ka awo sai ka ƙara, wai kada a ce ka yi rowar ƙarfe."

"Wannan ai alheri ne."

"Alheri. Ko ragar da ka yi musu a filin atisaye, ƙanena ya ce sai da Baba mai gyaran fili ya yi wa zaren ƙari kafin ya rufe ta."

Cokali ya tsaya masa tsakanin kwano da baki.

Ta koma ga gugarta, ba ta ma san abin da ta faɗa ba. Shi kuwa ya ajiye cokalin. A farkon kakar wasa, tsofaffin turakun filin atisaye sun yi tsatsa sun karye, shi ya tashi a taron magoya baya ya ce zai ƙera sababbi kyauta. Sakataren ƙungiya ya ba shi awo a 'yar takarda: faɗi mita bakwai da santimita talatin da biyu. Ya tuna ya haɗa bututun ƙarfe biyu, kowane mita huɗu, ya ɗauko injin yanka, sai ya tsaya. Ƙarfe mai kyau haka, kuma kyauta ce zai yi wa ƙungiyar da yake so tun yana ƙarami, a ce ya tsaya yana gutsure mata santimita? Ya mayar da injin. Ranar da aka kafa ragar har hoto ya yi a jikinta, yana nan rataye a shago.

Ya ce wa kansa ba lallai ba ne. Ɗan ƙarin nan me zai yi?

Washegari da sassafe ya isa filin atisaye da tef ɗin awo a aljihu. Babu kowa sai Baba mai gyaran fili, yana tura keken farin fenti a kan layi.

"Baba, riƙe mini nan, tsatsa nake dubawa."

"Da tef ake duba tsatsa yanzu?" in ji tsohon, amma ya riƙe.

Mai walda ya ja har ɗaya turken, ya duba. Ya goge tef ɗin da babban yatsa ya sake dubawa. Mita bakwai da casa'in da takwas.

"Tana da girma, ko?" in ji Baba. "Na lura tun ranar farko. Na ɗauka sabuwar doka ce aka fito da ita daga sama. Ka san mu ba a faɗa mana komai."

Ana cikin haka sai motar 'yan wasa ta shigo. Mai walda ya cusa tef a aljihu ya koma bayan shingen waya ya tsaya kamar ɗan kallo. Koci ya jera ƙwallo goma a bakin da'irar gola, Lamba Tara ya fara bugawa. Yaron ba ya ma ɗaga kai. Layin da ke ƙasa yake kallo, ya san inda raga take. Ta farko ta shige ta jikin turken dama, ƙasa-ƙasa. Ta biyu haka. Goma cif, duk wuri ɗaya, dab da ƙarfe ta ciki. Wurin da a ragar gaskiya turke ne yake tsaye. Gola kuwa, kafin kowane bugu sai ya taɓa turken hagu da hannu, ya ƙirga taku zuwa tsakiya. Tsakiyar wannan ragar.

"Ka gani ko?" in ji wata murya a gefensa.

Koci ne. Daga kusa ya fi yadda ake ganinsa a fili tsufa, idanunsa sun faɗa. "Na san ka. Kai ne mai wasiƙa. Ban ga laifinka ba, ni ma da ɗan kallo ne da na sa hannu. Amma dubi yaron nan. Kullum haka yake yi a nan, ranar wasa kuma sai turke. Na ce tsoro ne, na zaunar da shi mun yi magana. Na canja masa takalmi. Har likitan ido na kai shi."

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce ya fi shi gani."

Lamba Tara ya hango shi, ya ɗago hannu. "Yaya, ka zo ganin ƙafar katako?"

Mai walda ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce ana jiran shi a shago.

Dabara ta zo masa a hanya. Zai janye wasiƙar kawai, sannan ya samu lokacin da ba kowa ya rage ragar, shi ke nan, ba wanda zai ji. Da yamma ya leƙa shagon aski ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Na yi tunani, a ƙara wa kocin nan lokaci."

Almakashi ya tsaya a hannun mai aski. "An hana ka abinci a gida ne?"

"Ba haka ba ne."

"Haka ne," in ji direba. "Jiya mutumin nan kamar zai cinye koci ɗanye. Maman 'Yan Biyu ta yi taro da shi, an tashi ɗaya da nema."

"Wasiƙa ta bar hannunka," in ji mai aski. "Mutum arba'in sun ce za su zo. In kana da dalili, ka kawo shi ranar Asabar. In kuma dalilin yana gida yana guga, ka gaishe ta."

Wato ko ya gyara ragar a ɓoye, wasa sai Lahadi, wasiƙa kuwa Asabar. Kafin a ga amfanin gyaran, koci ya riga ya haɗa jakarsa, yaron kuma yana benci.

Mai walda ya faɗa wa matarsa gaskiyar ragar bayan 'yan biyu sun fita wasa. Ta dube shi, ta nemi kujera ta zauna, ta yi dariya har sai da ta share hawaye da gefen zane. Sannan dariyar ta ɗauke.

"Wata uku ƙanena yana zaton ƙafarsa ce ta lalace. Ya daina zuwa gidan nan saboda kunyarka."

"Na sani."

"To ka san abin da za ka yi."

Laraba da safe ya ɗora injin yanka da na walda a bayan a-kori-kura ya koma filin. Bai yi kwana-kwana ba, ya kira koci ya ba shi bakin tef ya ce ya ja da kansa. Koci ya ja, ya karanta, ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya dafa turken ya fara dariya a hankali, kafaɗunsa na rawa.

"Likitan ido," in ji shi. "Na kai yaro likitan ido." Ya share fuska. "Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa auna raga ba. Laifin namu ne mu biyu. Yanke ta, ba sai kowa ya ji ba."

"Sai sun ji, Koci. In ba su ji ba, ranar Asabar za su sa hannu."

'Yan wasa suka kewaye shi yana aiki, tartsatsin wuta na tashi. Raga biyu ya rage, kowace ya cire mata santimita sittin da shida. Lamba Tara ya ɗauki guntun ƙarfe ɗaya yana juya shi a hannu.

"Yaya, wannan ne ya hana ni barci?"

"Ka yi haƙuri."

"Haƙuri na yi. Amma daga yau ko kujera ka ƙera, sai na auna kafin in zauna."

Ranar Asabar mutane suka cika ƙofar mai aski har kan titi. An fito da tebur, an ɗora wasiƙar, an danne ta da burushi. Direba ya riga ya cire murfin biro. Mai aski ya ce tunda mai walda ne ya kawo magana, shi zai fara sa hannu.

Mai walda ya matso da wani abu a naɗe cikin buhu. Ya warware, ya ajiye guntun ƙarfe a kan wasiƙar. Muryar da ake ji daga ƙarshen layi yau sai da na baya suka ce ya ɗaga. Ya faɗi komai: 'yar takardar sakatare, bututu biyu, injin da ya mayar, tef ɗin ranar Talata.



"Tsaya," in ji direba. "Kana nufin wata uku 'yan wasanmu suna koyon cin ragar da babu irinta a duniya?"

"Haka ne."

"Kai kuma kana nan kana zagin su?"

"Haka ne."

Wani daga baya ya fara dariya, sai ta bi taron kamar an kunna ta. Mai aski ya kifa kai a kan tebur yana dukan katako. Hedimasta kaɗai ne bai yi ba. Ya ciro rula daga cikin littafinsa, ya ɗora a kan ƙarfen, ya yi lissafi a gefen shafi.

"Rula ɗaya ta 'yan makaranta da ɗan ɗoriya a kowane gefe. Yaushe aka kafa ragar?"

"Mako na uku."

Ya juya shafuka. "Mako na ɗaya mun ci, Lamba Tara biyu. Mako na biyu mun ci. Mako na huɗu aka fara gaisawa da turke." Ya rufe littafin. "Wata uku ina neman wannan lambar."

"Ni dai ban wanke koci ba," in ji direba. "Mutumin da bai san girman ragarsa ba, ya zai san girman matsalarsa? Kuma masu tsaron bayanmu fa? Su ma walda ce ta hana su gudu?"

Musu ya sake ɓarkewa. Wasu suka ce a sa hannu duk da haka, wasu suka ce a cire sunan koci a sa na mai walda. Mai walda ya bari sai da suka gaji, sannan ya ce, "In korar ce, ni ya kamata a kora, sai dai ba wanda ya ɗauke ni aiki. Ku ba su wasa uku a ragar gaskiya. In ba a ga canji ba, ni zan kai wasiƙar da ƙafata."

Aka ɗaga hannu. Ashirin da shida suka yarda a jira, goma sha biyar suka ƙi. Direba ya ɗaga a duka biyun, ya ce yana nan a kan ra'ayinsa. Mai aski ya ninke wasiƙar ya saka a aljihun tebur tare da tsofaffin reza.

Lahadi filin wasa ya cika, labari ya zaga gari. Tun daga ƙofa ake nuna shi ana cewa, "Ga Mita Takwas nan." Maman 'Yan Biyu, wadda ba ta taɓa zuwa kallo ba, ta zauna a gefensa ta riƙe jaka a cinya.

Minti na ashirin Lamba Tara ya samu ƙwallo a bakin da'ira, ya buga ba tare da ya ɗaga kai ba. Ƙarar turke har sama aka ji ta. Mutum ɗari suka juyo suka kalli mai walda.

"Kwana huɗu kawai ya yi da sabuwar," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ƙafa ba ta mantuwa da wuri."

Baƙi suka kusa ci sau biyu, gola ya tare duka, yana tsaye a tsakiya kamar an auna shi. Direba ya ce sa'a ce. Aka dawo hutu ba ci. Mai walda ya jiƙe da gumi, bai zagi kowa ba, abin da ya sa na kusa da shi suka yi ta tambayarsa ko lafiya.

Saura minti bakwai a tashi, aka sako wa Lamba Tara wata ta hagu. Ya tare da ƙirji, ta sauka, wannan karon ya ɗaga kai ya duba. Ya buga ƙasa-ƙasa. Ta bugi turken dama ta ciki, ta gangara a kan layi kamar tana shawara, sannan ta shige.

Mai walda bai san lokacin da ya rungume direba ba. Can a bakin fili koci ya saki hannunsa da ya saba rungumewa, ya nuna sama wajen 'yan kallo da yatsa, inda mai walda yake. Maman 'Yan Biyu ta gyara jakarta ta ce, "Ƙafar katako ce ta ci."

Ɗaya da nema aka tashi. Ba su bar ƙasan teburin gasa ba, mataki ɗaya kawai suka hau.

Litinin da safe guntun ƙarfen yana rataye a bangon shagon aski, saman madubi. Direba yana bayanin cewa ƙungiyar da suka ci ba ƙungiya ba ce, Hedimasta yana karanto masa makinta. Mai walda ya jure kusan minti goma, sannan ya gyara zama.

"Amma gaskiya kocin nan ya makara wajen canji. Da ni ne, tun minti na sittin..."

"Mita Takwas," in ji mai aski, "nawa za ka ƙara wa mintin?"

Mai walda ya yi dariya tare da su.

Da ya koma gida da rana, kwanonsa a buɗe yake, Lamba Tara yana zaune a tebur ya riga ya ci rabi. A ƙofar ɗaki kuma an jingine katifa da bango, an fito da gadon ƙarfe tsakar gida. Maman 'Yan Biyu ta miƙa masa tef.

"Na auna katifar, na rubuta a takarda. Ƙanena zai tsaya a kanka har ka gama."